Ranar da Mai Jego Ta Koma Aiki: Uban da Ba Wanda Ya Tambaya

Ƙarewar hutun haihuwa rana ce sananniya, ana iya ƙirga ta a kalanda tun ciki yana wata bakwai, amma a gidaje da yawa sai ta zo ake fara tambayar inda za a ajiye jariri da abin da zai sha. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin aikin. Hutun ma'aikatan gwamnatin tarayya ba ya gaza mako 16. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun kai shi wata shida ga ma'aikatansu. A Nijar da Kamaru mako 14 ne, a Ghana 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa nono zalla take so a ba jariri har wata shida. Macen da ke aiki a kamfani ko makarantar kuɗi takan koma ne jaririnta bai cika wata uku ba, saura masa wata uku ko fiye kafin cikinsa ya karɓi wani abinci.

A cikin wannan giɓi akwai mutum ɗaya da ba a cika waiwaya ba, shi ne uban jaririn. Darajar angon ƙarni ta mako ɗaya ce. A yi masa barka, ya kawo ragon suna da itacen wanka da kayan kunu, a ci a watse, daga nan ido ya koma kan mai jego da abin da ta haifa. Idan haihuwar fari ce, sau da yawa a gidan iyayenta take wanka har ta yi arba'in, shi kuma kunyar ɗan fari ta hana shi ɗaukar yaron a gaban manya. Hutun uba na kwana 14 da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a watan Satumbar 2021 na ma'aikatan tarayya ne kawai, kuma yakan ƙare tun cibiya ba ta gama warkewa ba. Ranar da matar ta rataya jaka ta fita, mutumin da bai taɓa canza wa yaro famfas ba shi ne babba a gidan.

Wani jariri ɗan mako 12 da aka kawo sashen gaggawa na yara da la'asar, cikin zafin watan Afrilu, ya isa misali. Ubansa ne ya shigo da shi a kafaɗa, wata 'yar raino da ba ta wuce shekara 11 ba tana biye riƙe da bulumboti. Yaron ba ya kuka. Wuya ya saki, maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, numfashi kuma sai an ƙura ido ake ganinsa. Katinsa ya nuna kilo 5.1 ranar allurar mako 10, sikeli ya ba da kilo 4.4. An nemi jijiya a hannu biyu an rasa, sai a kai aka samu, aka ɗaura ƙarin ruwa aka sa masa oksijin. Aka tambayi uban ko an ba yaron wani magani, ya ce a'a. Aka sake tambaya, ya sake cewa a'a. Yarinyar ce ta ciro kwalba daga leda, an sha kusan rabinta, ta ce wannan ne ake ba shi ya yi barci. Phenergan ne.

Sauran labarin a hankali ya fito. Matar malama ce a wata makarantar kuɗi. An ba ta mako 12, ta ci biyu kafin haihuwa, ta koma aiki washegarin allurar mako 10. Ƙarfe bakwai take fita, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Mijin tela ne, shagonsa yana jikin gidan, sai aka ce ai shi yana nan, ga kuma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye. Iyakar shirin ke nan. Matar ta gwada tatsar nono a daren komawarta, karo na farko a rayuwarta, abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba, ta yanke cewa nononta ba ya isa. Wata tsohuwa a gidan ta ƙara da cewa nonon da ya bar jiki ya sha iska ba a ba yaro. Mijin ya sayo madarar gwangwani. Da ya ga yadda gwangwanin ke tafiya, ga kuɗin haya, ga bashin suna bai gama biya ba, sai ya ce wa yarinyar ta riƙa zuba cokali biyu a inda aka rubuta huɗu. Da ruwan randa ake haɗawa, bulumbotin kuma ɗauraya kawai yake samu.

Yaro ya dinga kuka, don yunwa yake ji. Uban yana kan keke yana jin kukan ta bango, ga ɗinkin sallah ya taru. Da dare yaron yakan kwana a nono yana rama yunwar rana, uwar ba barci, uban ma ba barci. A majalisa abokai suka fara kiransa mijin Hajiya, sai ya daina zuwa. Ya fara yi wa masu kawo ɗinki tsawa, ya ɓata wa mutum biyu yadi. A rana ta tara da komawar matar aiki gudawa ta fara. Ya je kemis ya ce yaro yana gudawa yana kuka ba dare ba rana. Mai kemis bai ga yaron ba, bai tambayi watanninsa ba, ya ce haƙori ne, ya miƙo kwalba biyu. Yaro ya yi shiru. Uwar ta lura yana yawan barci, ba ya kama nono da ƙarfi, ta ɗauka sauƙi ne ya fara samu, domin ba ta san da maganin ba, ba ta kuma san da ragin madarar ba. Kwana huɗu ana haka.

Yaron ya yi kwana shida a asibiti, Allah ya tashi kafaɗarsa. A daren farko, bayan uwar ta iso ta ji komai, uban ya fita ya zauna ƙarƙashin darbejiyar harabar asibitin, ya ƙi shigowa. Wata ma'aikaciyar jinya ta same shi a can.

"Malam, rabonka da barci kwana nawa?"

Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Sista, tun da aka haifi yaron nan ba wanda ya tambaye ni yadda nake sai ke."

Daga nan ya buɗe ciki. Yana kwana da tsoron ba zai iya riƙe gidan ba. Yana jin kunyar cewa da albashin matarsa ake biyan haya, ba zai iya ce mata ta zauna ba, kuma zuciyarsa na tafasa duk safiyar da ta fita. Yana jin zafin yadda yaron ke yin shiru a hannun uwarsa, ya ƙi shiru a nasa. Wata rana kukan ya kai shi bango, ya ɗaga yaron ya ji kamar ya jijjiga shi, ya ajiye shi hannunsa na rawa. Tsoron kansa ne ya kai shi kemis a ranar. Da aka yi masa tambayoyi goma na ma'aunin Edinbara, wanda ake gwada ciwon damuwa da shi, makinsa ya yi sama, aka haɗa shi da likita.

Abin da ya same shi ba baƙo ba ne. A 2010 masu bincike biyu a Amurka, Paulson da Bazemore, sun tattara nazari 43 suka gano cewa wajen kashi 10 cikin 100 na iyaye maza suna kamuwa da ciwon damuwa tsakanin ɗaukar ciki da cikar jariri shekara ɗaya. Tsakanin wata uku zuwa shida bayan haihuwa adadin ya haura kashi 25. Wannan shi ne daidai lokacin da hutu ke ƙarewa, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, kaka ta koma gidanta, kuɗin da aka tara sun ƙare. Binciken ya kuma nuna cewa idan uwa tana da ciwon, haɗarin uban yana ƙaruwa.

A wurin namiji ciwon ba ya cika zuwa da kuka. Faɗa yake zuwa da shi, da saurin fushi, da kai dare a shago ko a ofis don gudun gida, da ciwon kai da na ciki da ba a gano sababinsu, da rashin barci ko da yaro ya yi barci. Wani ya koma sigari da ya daɗe da bari, wani ya fara ƙwaya. Mutane su ce ya canza hali tun da matarsa ta koma aiki, ko su ce baƙin ciki yake yi da albashinta. Shi kuma an rene shi a kan ta ciki na ciki, namiji ba ya kai ƙarar zuciyarsa. Ciwon damuwa ba ragwanta ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ana addu'a ana magani, kamar yadda ake yi da hawan jini.

Ba kowace damuwa ce ciwo ba. Uba na iya jin sauƙi don albashi zai dawo, ya ji laifin jin wannan sauƙin, ya ji tausayin matar da ke fita tana waiwaye, ya ji tsoron zama da jariri shi kaɗai, duk a rana ɗaya. Wannan yakan lafa idan hannu ya saba. Amma idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana nan kullum, ya hana aiki da ci da barci, ko tunanin cutar da kai ko cutar da yaro ya fara zuwa, to maganar ta zama ta asibiti, kuma a ranar, ba sai gobe ba.

Babban abin takaici a wannan labari shi ne mai kemis. Phenergan ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya tsayar da numfashi, kuma a rubuce yake a takardar da ke cikin kwalin. Mutum ya buɗe shago, bai san wannan ba ko ya sani bai damu ba, ya miƙa wa uban jariri ɗan mako 11 kwalba don ribar da ba ta sayi mudun gero ba. Ba Phenergan kaɗai ba, duk maganin mura ko na tari da ke sa barci ba na jariri ba ne. Haƙori kuma ba ya sa gudawar da ke faɗar da maɗiga, kuma yawancin yara sai wajen wata shida suke fara fitar da shi. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙori ya kashe yara 84 a Najeriya, amma har gobe ana zuwa kemis neman maganin haƙori. Jaririn da ke kuka yana faɗin wani abu ne. A nemi abin, kada a rufe masa baki.

Shirin komawa aiki ana fara shi mako biyu ko uku kafin ranar, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tatsar farko ba ta kawo nono da yawa, haka take ga kusan kowace mace, kuma ba alamar ƙarancin nono ba ce. Ana tatsa kullum, musamman da safe, hannu ya saba, jiki ya ƙara samarwa. Nonon da aka tatsa cikin kofi mai tsabta da murfi yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin bazara, inda zafi ke haura 40, ba a dogara da wannan lissafi, sai a nemi sanyi. A firjin da wuta ba ta yankewa yana kwana 4, a kula mai ƙanƙara yana kai awa 24. Ba a tafasa shi, a cikin ruwan ɗumi ake tsoma kofin. Wanda yaro ya sha ya rage, bayan awa 2 zubarwa ake yi. Shan iska ba ya mayar da nono guba, ƙazantar mazubi da zafi ne ke lalata shi. Kofi ƙarami ya fi bulumboti sauƙin wankewa, kuma jariri yana iya sha da shi idan an koya wa mai ba shi. A nan aikin uba yake: shi zai nemo kula da ƙanƙara, shi zai koyi ba da nono a kofi tun uwar tana gida, shi zai tare bakin dangin da ke cewa ƙazanta ce.

Idan dole ta sa aka koma madarar gwangwani, to a yi lissafin kuɗinta tun kafin a buɗe na farko. Jariri ɗan wata uku da ita kaɗai yake sha yakan ƙarar da gwangwani mai giram 400 cikin kwana huɗu ko kusa da haka. Ba a rage awo. Madarar da aka tsinka ruwa ce mai launin madara, tana cika ciki ta bar yaro da yunwa, tana kuma iya rage gishirin jini har yaro ya yi jijjiga. Garin madarar kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake haɗa shi da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, sannan a bari ya huce a ba yaro. Kunu da koko da ruwan zuma da rubutu ba sa shiga bakin jaririn da bai kai wata shida ba. Ba a rage awo, ko gwangwanin ya kusa ƙarewa. Wanda kuɗi suka yanke masa ya zo asibiti ya faɗa, mayar da yaro kan nono abu ne mai yiwuwa, kuma haka aka yi da wannan yaron kafin a sallame shi.

'Yar shekara 11 ba mai raino ba ce, ita ma raino take buƙata. Ba za ta gane rashin ruwa a jiki ba, ba za ta iya musa wa mai gida ba idan ya ce ta rage madara. Duk wanda za a bar wa jariri, kaka ce ko maƙwabciya ko gidan raino, ya zama babba, ya kuma yi kwanaki tare da uwar kafin ta koma. A kwantar da jariri rigingine. Kada a taɓa jijjiga shi da fushi, daƙiƙu kaɗan sun isa su zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Wanda kuka ya kai shi maƙura ya kwantar da yaron a wuri mai aminci, ya fita tsakar gida ya sha iska, ya kira wani. Jaririn da ya ƙi nono, ko ya yi yini bai jiƙa famfas ba, ko barcinsa ya yi nauyin da ba a saba ba, asibiti ake kai shi kai tsaye, ba kemis ba, ba wurin wanzami a ce beli ne ba.

Akwai haƙƙin da mata da yawa ba su san suna da shi ba. Sashen nan na 54 ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba ta awa biyu kullum har tsawon wata shida daga ranar da ta koma. Makarantar matar nan tafiyar minti goma ce a adaidaita, amma ba ta nema ba don tsoron kora, ba a kuma yi mata tayi ba. Masu makarantu da kamfanonin da ba za su iya ware ɗaki ɗaya mai ƙofa da kujera ba suna da kaso a irin wannan ɓarna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla.

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, ta ɗora ci da suturar mai shayarwa a kan uba, ta kuma sa maganar yaye a kan yarda da shawara tsakanin iyayen biyu. Shawarar nan ce ta ɓata a gidan telan. Shi ya ɓoye mata ragin madara da maganin barci don kada ta ga gazawarsa, ita ta ɓoye masa kukan da take yi a makaranta idan nono ya cika ya jiƙa mata riga, don kada ya ce ta ajiye aikin. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa yana kare ɗan'uwansa da shiru, jariri yana ramewa a tsakaninsu.

Ma'aikatan lafiya ma ba su fita ba. A wurin awo da rigakafi an saba cewa maza su jira a waje. Mutumin nan shi ya kawo matarsa allurar mako 6 da ta mako 10, ya zauna a kan babur har aka gama. Da wani ya kira shi ya tambaye su yaushe hutu zai ƙare, wa zai riƙe yaro, me zai sha, da minti biyar sun isa. Allurar mako 6 da 10 da 14 su ne damar da ake da ita, kuma uban da ya zo a shigo da shi.

Darasin bai da tsawo. A ƙirga ranar komawa aiki tun da wuri. A fara tatsa kafin ranar. Ba a rage awon madara. Ba a ba jariri maganin barci, ko wane ne ya rubuta shi a bayan kwali. Uban da ya gaji ya faɗa da bakinsa, ga matarsa ko ɗan'uwansa ko likita. Abokan majalisa su san cewa mai raino ba abin dariya ba ne. Wanda kuma yake da ƙane ko aboki ko maƙwabci da matarsa za ta koma aiki a watan nan, ya je ya same shi, ya tambaye shi rabonsa da barci, ya kuma tsaya ya ji amsar.